Kofi 33 da ƙanwar kainuwa

4 ga Janairu

To bismillah. Na daɗe ina cewa zan fara ina ɗagawa, yau dai na share teburin da ke kusa da taga na ce ko ana ha maza ha mata sai an fara. Abin da nake so in gani da idona shi ne, idan ragowar maganin da muke sha ya gangara cikin ruwa me yake yi wa tsirran da ke zaune a ruwan. Kifi da kwaɗi ana yawan maganarsu, ciyawa kuwa ba mai tambayar lafiyarta.

Abin da ya zuga ni wani bincike ne da ya fito a 2022, Jami'ar York ta Ingila ce ta ja gaba, sun ɗebo ruwa a wurare 1,052 cikin koguna 258 a ƙasashe 104, suka laluba sinadaran magani 61. Waɗanda suka fi cin karo da su kabamazefin na farfaɗiya, metfomin na ciwon suga, sai kafein. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na wuraren akwai aƙalla magani guda da ya haura matakin da ake ganin babu hatsari, kuma Lahore a Pakistan da La Paz a Bolibiya da Addis Ababa a Habasha su ne a sahun gaba wajen yawa. Hanyar shigar ma ba ɓoyayya ba ce, jiki ba ya cinye magani duka, metfomin kusan yadda ka haɗiye shi haka yake fita a fitsari, ga wanda ya lalace ake juyewa a masai, ga na asibitoci da gonakin dabbobi da kamfanonin da ke haɗa shi.

Kayan da na tanada yau: kofunan roba masu garai-garai guda 40, sirinji babba da ƙarami, ma'aunin zafi, takin ruwa na shuka, littafi. Kusan rubu'in kuɗin da na ware ya tafi tun ban taɓa ganye ko ɗaya ba.

7 ga Janairu

Na samo shukar. Sunanta na kimiyya Lemna minor, 'yar mitsitsiya ce mai yawo a saman ruwa, ganyen bai kai ƙwayar shinkafa ba, kowanne da saiwa ɗaya siririya kamar zare a ƙasansa. Ni ƙanwar kainuwa nake ce mata, kuma ashe ban yi ƙarya ba don dangi ɗaya suke da kainuwa a wajen masana tsirrai. Dalilin da ya sa ita na zaɓa, ita ce ake amfani da ita a gwajin guba na hukuma, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, OECD, tana da ƙa'ida mai lamba 221 a kanta, kwana 7 ake yi, ka sa ganye 9 zuwa 12 a kowane kofi ka ƙirga yadda suke hayayyafa. Ba ta damu da fure ba, ganye ne ke fitar da ɗan ganye a gefensa, ɗan ya girma ya ɓalle shi ma ya haifi nasa.

Daga wani kududdufi na kwaso ta da rariya, na dawo da rabin duniya a ciki, dodon koɗi ƙanana, tsutsar sauro, wasu ƙwari masu iyo da baya. Awa biyu na yi da tsinken sakace ina tsince.

10 ga Janairu

Ruwan famfo kai tsaye bai karɓe su ba, sun fara ɗashewa. Kulorin ne nake zargi. Na koma tsantsar ruwa irin wanda ake ƙara wa batir (ruwan fa, ba asid ɗin ba) na ɗiga taki kaɗan.

15 ga Janairu

Gansakuka ta ci ni da yaƙi. Takin da na sa don lemna ashe gayya na yi wa gansakuka, cikin kwana huɗu ruwan ya koma kore shar, zare-zare sun nannaɗe saiwoyin har ba ka iya ɗaga ganye ɗaya sai ka ɗago goma. Na duba ƙa'idar na ga an ce ana iya tsoma shukar a ruwan bilic mai rauni sosai, kashi 0.5 cikin ɗari, daga daƙiƙa 30 zuwa minti 5, sannan a ɗauraye. Na ce bari in yi mai gaba ɗaya in kai minti biyar ɗin, ana cikin haka aka kira ni a waya, wallahi ko da na waiwayo duk sun yi fari fat kamar an barbaɗa gari a ruwa. Cikin ganye wajen ɗari uku da na tsoma, waɗanda ke da ɗan ɗigon kore a tsakiya ba su fi ashirin ba.

Na kwashe su na ɗauraye sau huɗu na sa a sabon ruwa, na naɗe gefen kofin da ƙasansa da baƙar takarda don haske ya riƙa zuwa ta sama kawai, tunda lemna a sama take ita gansakuka kuma a ciki. Da tun farko na yi wannan da ban kai ga bilic ba. Abin haushi, sauran waɗanda ban tsoma ba na riga na zubar, wai don na yarda da kaina.

19 ga Janairu

Sha ɗaya sun rayu, sun fara fitar da 'ya'ya. Kainuwa dashen Allah, ƙanwar ma haka.

22 ga Janairu

Canjin ruwa. Ganye 37. Ba gansakuka.

27 ga Janairu

Matsalar yanzu saurin haihuwa. Ƙa'idar ta ce kofunan da ba a sa wa magani ba dole yawansu ya riƙa ninkawa cikin ƙasa da kwana biyu da rabi, wato a mako ya kai kusan ninki bakwai, in bai kai ba gwajin naka bai ci sunansa ba. Nawa kwana huɗu suke ɗauka. Hasken taga ne bai isa ba, kuma da daddare duhu, su kuwa so ake haske ya zauna ba yankewa, zafi kuma wajen digiri 24, sama ko ƙasa da biyu. Dole na sayi doguwar fitilar LED na rataye a kan teburin, na sauke wata manhaja a waya mai auna haske ina ɗaga fitilar ina saukewa har allon ya nuna tsakanin lux (ma'aunin ƙarfin haske) 6,500 da 10,000 da ake nema. Ban yarda da manhajar ɗari bisa ɗari ba amma ta fi ido.

Fitilar nan ta cinye fiye da duk sauran kayan a haɗe. Kasafi ya riga ya karye, na daina duba shi.

1 ga Fabrairu

An samu. Kwana biyu da 'yan awoyi suke ninkawa yanzu, babbar robar ta cika maƙil har suna hawa kan juna.

Yau ranar haɗa magani. Yayata aikin harhaɗa magunguna take yi, ita ta kawo min ƙwaya uku kuma ta ce ba za ta tafi ba sai ta ga abin da zan yi da su. Siprofuloksasin miligiram 500 (sipro zan riƙa rubutawa), kotirimoksazol mai 480 wanda a cikinsa 400 sulfametoksazol ne 80 kuma tiraimetofirim, sai farasitamol 500. Biyun farko maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, na ukun kowa ya san shi.

Lissafin: ƙwaya mai 500 a lita ɗaya ta ba ka miligiram 500 a lita, wannan shi ne uwar ruwan. Ka zuƙi mililita 2 da sirinji ka cika zuwa lita, ka samu miligiram 1 a lita. Ka ɗebi 100 daga nan ka cika zuwa lita, 0.1. Ka sake, 0.01. Na sulfa (wato sulfametoksazol) sai an zuƙi 2.5 tunda 400 ne. Da na zauna na juya lissafin ta ɗaya gefen sai da na ajiye biro, ƙwaya ɗaya tak ta isa ta kai lita 50,000 matakin 0.01 ɗin nan, kuma shi kansa 0.01 ɗin, wato maikurogiram 10, ya fi abin da ake samu a galibin koguna, can ana maganar nanogiram ne zuwa 'yan maikurogiram a lita.

Na murƙushe ƙwayar da bayan cokali na zuba, ruwan ya yi fari-fari kamar an wanke alli. Na ce Yaya maganin bai narke ba. Ta ce "Auta kai fa ka ɗauka duk ƙwayar magani ce? Akwai sitaci da sauran abin da ake ɗaure ta da shi, ga rigar da aka yi mata a waje, su ne kake gani. Tace shi." Na tace da takardar tacewa sau biyu. Ta kuma ce in sa na sipro a kwalba mai duhu don haske yana karya shi, kuma in tuna yana kama kalshiyam da magnisiyam da ƙarfe ya manne musu, shi ya sa ake hana mai shan sa haɗawa da madara. To takin da na zuba cike yake da waɗannan ukun. Kenan wani kaso na maganin zai ɗaure bai kai ga shukar ba, ba yadda zan yi da wannan, a kogi ma haka abin yake.

2 ga Fabrairu

Zagaye na farko. Magani uku, mataki uku, kowane mataki kofi uku, 27 kenan, da kofi 6 marasa magani na kwatance. 33. Kowanne mililita 100 da ganye 12 cif. Idona ya yi ja wajen ƙirga.

4 ga Fabrairu

Ba komai. Duk kore, duk suna haihuwa. Gaskiya raina ya ɗan ɓaci, a zuciyata na zaci zan tashi in tarar na miligiram 1 sun yi baƙi sun nutse.

6 ga Fabrairu

Yauwa. Sai da na sunkuya da fitilar waya sannan na lura. A kofunan sipro mai ƙarfi tsofaffin ganyen nan 12 suna nan kore abinsu kamar ba abin da ya faru, amma 'ya'yan da suka fito bayan an sa maganin farare ne, wasu ruwan ƙwai-ƙwai, ƙanana, kuma sun ƙi ɓallewa daga jikin uwar, sun cure wuri ɗaya. Uwa kore ɗa fari, a jikin juna. Na daɗe ina kallon wani guda da ya fito rabi kore rabi fari kamar a tsakiyar haihuwarsa maganin ya cim masa.

Dalilin ya burge ni ƙwarai. A cikin kowane ganye akwai 'yan ƙananan ɗakunan girki da ake kira kuloroflas, su ke riƙe da koren, su ke juya hasken rana ya zama abinci. Asalin waɗannan ɗakunan bakteriya ne, irin sayanobakteriya, da wata ƙwayar halitta ta haɗiye fiye da shekara biliyan ɗaya da ta wuce suka zauna tare har yau, kuma har yanzu suna da nasu DNA da kayan aiki irin na bakteriya. Sipro aikinsa toshe wani inzayim da bakteriya ke buƙata wajen kwafar DNA ɗinta, to kuloroflas ma yana da irinsa. Maganin bai san bambanci ba. Tsohon ganye ya riga ya gama gina ɗakunansa, sabon ne ke buƙatar sababbi, shi ya sa shi ke fitowa ba kala.

Na sulfa daban ne, ba su yi fari sosai ba, sun dai tsaya, ganye ƙanana saiwa gajera. Shi sulfa hanyar haɗa folet, wani nau'in bitamin, yake datsewa. Mu mutane a abinci muke samun folet shi ya sa bai dame mu ta nan ba, amma shuka da kanta take haɗa nata kamar bakteriya, sai ya kama ta.

Farasitamol ko gezau.

8 ga Fabrairu

Innalillahi. Saura kwana ɗaya in yi ƙirgar ƙarshe.

Ɗan Yaya mai shekara biyar ya shigo ɗakin ina waje, da na dawo ya tare ni da murna, "Kawu na gyara maka, na jera su da kyau, masu yawa a nan marasa yawa a can." Ya jera kuwa, tsaf. Da lambobin suna jikin kofi da ba matsala, amma ni mai wayo a kan baƙar takardar da na naɗe su na rubuta, shi kuma ya zare takardun duka ya tara min a gefe don wai sun rufe masa ganyen. Kofi 33 iri ɗaya sak ba suna. Na sipro mai ƙarfi da na sulfa mai ƙarfi ina iya gane su da ido, sauran 27 kuwa sai dai canke, kuma su ne ainihin abin da nake nema.

Ban yi masa faɗa ba, me zan ce, laifin nawa ne. Uwarsa ce ma ta fi ni jin zafi, ni na riƙa ba ta haƙuri. Darasi: maka mara gogewa, a ƙasan kofin, da salatif a kai. Da sakata a ƙofa.

10 ga Fabrairu

Yau na ci karo da abin da ban taɓa sa shi a tsari ba. Na ɗauki bokitin da na juye kofunan a ciki na nufi makwarara, ina daf da zubawa sai na tsaya. Mutumin da ke rubutu kan ragowar magani a ruwa zai juye ragowar magani a ruwa. Kuma na kofunan ma wasa ne, duk a haɗe bai kai miligiram biyu ba, manyan su ne kwalaben uwar ruwa guda uku, lita uku, kusan duk ƙwayoyin suna ciki don abin da na zuƙa bai taka kara ya karya ba.

Wani zai ce ai akwai matatar ruwan ƙazanta a gaba. Inda akwai ta ma ba don magani aka gina ta ba, an gina ta ne don dauɗa da ƙwayoyin cuta da su naitirojin. Wasu magungunan suna raguwa a ciki, farasitamol yana cikin masu saurin lalacewa, amma irin kabamazefin shiga yake ya fita kusan yadda ya shigo, shi ya sa ake ganin sa ko'ina. Sai an ƙara wani mataki na musamman, iskar ozon ko gawayin da aka sarrafa. Suwizalan ta sa dokar hakan ta fara aiki tun 2016, Tarayyar Turai kuma a 2024 ta sabunta dokarta ta ce kamfanonin magani da na kayan kwalliya su ɗauki aƙalla kashi 80 cikin ɗari na kuɗin wannan ƙarin matakin. A wurare da yawa na duniya ko matakin farko ba a kai ba.

Abin da muka yanke da Yaya: faffaɗan tire, in juye ruwan a ciki da garin gawayin nan da ake sa wa a tankin kifi, in rufe da raga don tsuntsu ko mage kar su sha, in bar shi a rana ya ƙafe, busasshen in ƙulle a leda biyu ta tafi da shi inda suke tara magungunan da suka lalace. Ganyen da suka sha magani ma haka, ba za su koma kududdufi ba. Ƙarin kashe kuɗi, gawayi da tire biyu. Kuma daga yanzu rubu'in ƙwaya zan riƙa narkarwa a rubu'in lita, lissafi ɗaya ne shara ta ragu.

14 ga Fabrairu

Zagaye na biyu, sabon haɗi. Gyare-gyare uku. Lamba a ƙasan kofi. Canza ruwan maganin a rana ta 3 da ta 5, saboda fitilar da ke kunne dare da rana tana karya sipro, in ban sabunta ba ƙarshen mako ban san me ke cikin kofin ba. Sai juya wurin zaman kofunan kullum, na tsakiya su koma gefe, don na lura na ƙarƙashin tsakiyar fitila sun fi samun haske da ɗumi. Ƙirga kuma hoto nake ɗauka daga sama in buɗe shi a waya in riƙa ɗiga ja a kan kowane ganye, ya fi tsinken sakace sau goma.

17 ga Fabrairu

Canjin ruwa na farko. Awa uku. Bayana.

19 ga Fabrairu

Na biyu. Wuta ta ɗauke wajen awa biyar da daddare, duk kofunan ta shafa daidai, na rubuta na wuce.

21 ga Fabrairu

Ƙirgar ƙarshe, daga ganye 12.

Marasa magani tsakanin 81 da 95, matsakaici 88, sun haura ninki bakwai, alhamdulillahi gwajin ya tsaya da ƙafarsa. Sipro: 31 a miligiram 1, 70 a 0.1, 86 a 0.01. Sulfa: 27, 58, 84. Farasitamol: 90, 93, 87.

Ko kofi ɗaya bai mutu ba, wannan shi ne abin da ya fi tsaya min. Da a ce wani ya shigo ya leƙa kofin sulfa na 0.1 shi kaɗai zai ce lafiya lau, kore ne, yana yawo, sai ka ajiye shi kusa da na kwatance ka ƙirga sannan ka ga kashi ɗaya cikin uku na zuri'ar babu. A kududdufi kuwa wa zai ajiye maka na kwatance a gefe? Shukar da ya kamata ta rufe ruwa a sati biyu ta ɗauki fiye da haka, agwagi da kifin da ke cin ta su samu kaɗan, 'yan ƙwarin da ke fakewa a saiwarta su rasa wuri, naitirojin da fosfaras da take zuƙewa su zauna a ruwan su jira wanda ya fi ta juriya. Duk wannan zai faru kana wucewa ta bakin ruwan kullum kana ganin kore.

Na auna saiwa ma da rula a kan faranti. Na marasa magani dogaye har suna lanƙwasa a ƙasan kofi, na sulfa mai ƙarfi gutsi-gutsi kamar an bi su da almakashi. A 0.1 ma gajartar saiwar ta fi raguwar ganyen fitowa fili, da na sani da tun farko na riƙa auna ta kullum.

Farasitamol na 0.1 da ya ɗan haura marasa magani, akwai abin da masana ke kira homesis, wato ɗan kaɗan na abu mai cutarwa ya zaburar da girma. Raina ya so in ce shi na gani. Amma 93 yana cikin 81 zuwa 95, kofi uku ne kacal, ba zan ɗora wa kaina abin da ban gani ba. Haka 86 da 84 na 0.01, a wajena daidai suke da ba komai, a kwana bakwai dai.

24 ga Fabrairu

Yaya ta ga lambobin ta ce to ai ka wanke magani kenan, tunda a matakin kogi ba ka ga komai ba. Na ce Yaya wane kogin? A 2007 Joakim Larsson na Jami'ar Gothenburg ta Suwidin da abokan aikinsa sun auna ruwan da ke fita daga wata matata a Patancheru kusa da Hyderabad a Indiya, wadda ke karɓar ruwan kamfanonin magani kusan 90, suka samu sipro har miligiram 31 a lita. Ninki 31 na kofina mafi ƙarfi, wanda ya fitar da fararen 'ya'ya. Ya ma fi abin da ke yawo a jinin mara lafiyan da ke shan maganin.

Ko a kogin da abin bai kai haka ba, ni magani ɗaya na sa a kofi na kwana bakwai, kogi kuwa gomman magunguna ne a cakuɗe shekara da shekaru ba hutu, wani na lalacewa wani na shigowa. Sannan lemna ba ita ce mafi rauni ba, sayanobakteriya sun fi ta jin maganin kashe ƙwayoyin cuta nesa ba kusa ba, kuma suna can ƙasan jerin abincin duk abin da ke ruwa. Ta ce "to malam, na ji", ta ɗauki ledar gawayinta ta tafi.

28 ga Fabrairu

Ban zubar da na miligiram 1 ba. Na ɗauraye su na mayar da ganye 12 daga kowanne cikin ruwa mai tsabta tun ranar 22, ina so in ga ko suna farfaɗowa. Yau kwana shida.

Fararen ganyen sipro ba su koma kore ba, wasu sun yi laushi sun nutse. Amma daga jikin tsofaffin koren nan sababbin 'ya'ya sun fara fitowa da kore mai haske. Na sulfa sun fara sako saiwa.

3 ga Maris

Canjin ruwa, hoto. Tire na biyu ya bushe.

7 ga Maris

Sati biyu a ruwa mai tsabta. Duka biyun suna haihuwa yanzu, ganyen baya-bayan nan ba ka bambanta su da na kwatance, sai dai a jimla suna baya sosai, waɗancan na rage su sau biyu saboda cika kofi, waɗannan ko sau ɗaya.

Akwai tambayar da ba ni da kayan amsa ta a teburin nan: nawa ne na maganin ya shige jikin ganyen. Shuka tana zuƙar irin waɗannan sinadaran, tana sarrafa wasu kusan yadda hanta ke yi, ta liƙa musu suga ta tura su ma'ajiya a cikin ƙwayar halittarta. Saboda haka ne ake dasa irin su kacala da sauran ciyayin fadama a tafkunan da aka gina musamman don tace ruwan ƙazanta. Amma abin da ta adana yana nan a jikinta, in agwagwa ta ci ko ganyen ya ruɓe a ruwan, ya sake komawa wani wuri. Auna wannan sai babban inji na ɗakin gwaji.

10 ga Maris

Tsarin zagaye na uku. Na bar farasitamol, ya ci min kofi tara a banza. Sipro da sulfa a haɗe a kofi ɗaya, kowanne 0.01, da kuma kowanne shi kaɗai a 0.01, da na kwatance, kofi shida-shida, 24 kenan. Sati huɗu maimakon ɗaya, kowane ƙarshen sati in ƙirga in ɗebi 12 in mayar a sabon ruwan magani, ta haka jikoki da tattaɓa kunne duk a cikin magani za a haife su. Saiwa kuma ranar 3 da 5 da 7.

Ina kuma so in gwada ita babbar yayar, kainuwa, a robobi huɗu manya, amma ita lita biyar-biyar take so, kenan ruwan shara zai ninka sau nawa, tire biyu ba za su ɗauka ba. Sai na ƙara tire ko in rage robobin zuwa biyu. Takin ma saura kaɗan a gindin kwalba, sirinji ƙaramin lambobinsa sun goge, dole sabo kafin ranar 14.

Ɗan Yaya ya nemi aiki, na ba shi ɗiga ja a hoton kofi na 6. Ya samu 91, ni na samu 89, na sake ƙirgawa a hankali, 91 ne.